Sarah Nurse: Zinare a wuya, babu albashi a aljihu

A nan Kaduna in aka ce ƙanƙara, azumi ne ke faɗo mana a rai. Da la'asar sakaliya, daga Kawo har Unguwar Rimi, za ka ga yara sun yi dafifi a ƙofar mai firiza, kowa da leda ko kula a hannu, ana rige-rige kada ta ƙare kafin a sha ruwa. In an samu wuta a sha sanyi, in ba a samu ba a yi haƙuri da ruwan randa. To amma akwai ƙasashen da ake shimfiɗa ƙanƙara fili guda, a kewaye ta da kujerun mutum dubu ashirin, jama'a su yanki tikiti don su kalli mata suna wasa a kanta. Ɗaya daga cikin fitattun matan nan ita ce Sarah Nurse 'yar ƙasar Kanada, mace ta farko mai jinin baƙar fata da ta ci lambar zinare a wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara a gasar Olamfik.

Na san wasunku sun fara cewa ina ruwan biri da gada. Ku dakata tukuna. Haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL, wato babbar gasar maza ta wannan wasa a Amurka da Kanada, a Zariya aka yanke masa cibiya. Sunansa Rumun Ndur. An haife shi a 1975, iyayensa suka koma Kanada da shi yana ƙarami, ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauke shi a 1994, daga baya ya buga wa New York Rangers da Atlanta Thrashers. Ke nan daga tashar Kawo zuwa garin da wasan nan ya fara haɗa jini da mu, tafiyar awa ɗaya ce da ɗoriya.

Abin da ya ja hankalina ga Sarah kuwa wani abu ne daban. Ta shafe shekaru tana cikin waɗanda suka fi kowa iya wasan a duniya, amma babu kulob ɗin da ke biyanta albashin da zai riƙe ta. Yadda ta fita daga wannan hali, ita da abokan wasanta, labari ne da ya shafi duk yarinyar da ke gudu ko buga ƙwallo a filin makarantarsu tana tunanin ko abin zai zame mata sana'a.

Yadda ake wasan

Filin ya kai kusan mita 61 a tsayi, mita 26 a faɗi, an kewaye shi da katanga da gilashi. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron gida. Takalman da suke sawa suna da siririn ƙarfe mai kaifi a ƙasa, kamar an kafa wuƙa a tsaye, a kansa ake sulɓi. Abin da ake bugawa ba mulmulallen ƙwallo ba ne, wani baƙin faifan roba ne da bai fi faɗin waina ba, sai dai taurinsa kamar dutse, har a firiza ake ajiye shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. In gwana ta ɗaure shi da sanda, gudunsa na wuce kilomita 100 a awa. Shi ya sa kowace 'yar wasa take rufe jikinta ruf daga kai har ƙafa: hular kwano mai raga a fuska, safar hannu mai kauri, da kariyar ƙirji da ta ƙwauri. Kayan nan suna da tsada ƙwarai, kuma tsadar na daga cikin abin da ke hana 'ya'yan talakawa shiga wasan ko a can Kanada.

Ana buga zango uku, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu ba a iya daɗewa a fili, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba sai wasu su fita wasu su shigo, ba tare da an tsayar da wasa ba. Wadda ta yi laifi kuma alƙali zai tura ta wani ɗan keji a gefe ta zauna minti biyu, ƙungiyarta ta ci gaba da ragin mutum ɗaya. In kun tuna da ɗan ajin da malami ke sa wa kama kunne a bakin ƙofa ana ci gaba da darasi, to kun gane.

Abu na ƙarshe da za ku riƙe shi ne lissafin maki. Wadda ta jefa faifai a raga tana da maki ɗaya, wadda ta miƙa mata shi ma tana da maki ɗaya. Za mu dawo kan wannan.

Gidan da kowa ɗan wasa ne

An haifi Sarah a ranar 4 ga Janairun 1995, ta tashi a garin Hamilton na lardin Ontario. Dangin mahaifinta daga tsibirin Tirinidad suka yi ƙaura zuwa Kanada, mahaifiyarta kuwa Baturiya ce. Tana shekara uku aka fara ɗaura mata takalmin sulɓi, tana shekara biyar ta riƙe sanda. Gidansu gidan wasa ne. Baffanta Richard ya buga irin ƙwallon ƙafar Kanada da ake runguma a hannu. 'Yarsa Kia ta zama tauraruwar ƙwallon kwando a Amurka. Ɗansa Darnell kuwa, wanda wata ɗaya tak Sarah ta girme shi, irin wasanta ya zaɓa. Ku riƙe sunan Darnell, zai sake fitowa.

A Fabrairun 2002, tana shekara bakwai, ta kalli matan Kanada a talabijin sun doke na Amurka da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na Olamfik a birnin Salt Lake. Ta sha faɗa a hirarraki cewa daga ranar ta sa wa ranta sai ta sa wannan riga. Kwana uku bayan nan mazan Kanada su ma suka ci zinare, kuma wanda ya jefa biyu daga cikin biyar ɗin da suka ci shi ne Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. 'Yarsa Jade ita ma ta bi sahu, har ta ci wa Kanada kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 18 a 2022.

Ba Sarah ce baƙar mace ta farko da ta yi fice a wasan ba. Kafin ita an yi Angela James, wadda ta ci wa Kanada kofin duniya sau huɗu tsakanin 1990 da 1997. Da aka zo sa wasan mata a Olamfik karon farko a 1998, sai aka cire sunanta daga tawaga, hukuncin da mutane da dama ba su yafe ba har gobe. Ta gama wasanta ba lambar Olamfik, ba albashin ƙwararru. A 2010 dai aka sa ta a zauren karrama gwarazan wasan da ke Toronto, tana ɗaya daga cikin mata biyu na farko da suka shiga.

Sanda ta biya kuɗin makaranta

Tun tana sakandare Sarah ta fara tashe a ƙungiyar matasa ta Stoney Creek, kuma a 2013 ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 18. A shekarar ta samu gurbi a Jami'ar Wisconsin da ke Amurka.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin wannan ne ɓangaren da ya fi kusa da ku. A 1972 Amurka ta kafa wata doka da ake kira Title IX, wadda ta haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Ba don wasanni kaɗai aka yi ta ba, amma a can tasirinta ya fi fitowa fili. Jami'ar da ke bai wa samari tallafin karatu saboda wasa, dole ta buɗe wa 'yan mata irin wannan ƙofa. Ta haka dubban 'yan mata, har da baƙi daga wasu ƙasashe, suka yi digiri da ƙarfin ƙafarsu. Ta wannan hanya Blessing Okagbare da Tobi Amusan suka bi, dukansu a Jami'ar Texas da ke El Paso, kafin Tobi ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren mita 100 na tsallake shinge a 2022.

Sai dai tallafin yana da sharaɗi. Jami'a ba za ta ɗauke ki ba sai sakamakonki na sakandare ya cika ƙa'ida, kuma in kin shiga makinki ya faɗi ƙasa da yadda aka gindaya, to ke da fili sai kallo. Wanda duk ya ce muku ɗan wasa ba ya buƙatar Turanci da Lissafi, ku tambaye shi ina aka taɓa yin haka.

Sarah ta yi shekara huɗu tana buga wa Wisconsin, daga 2013 zuwa 2017, tana karatun harkokin kasuwanci. Duk shekarun huɗu ƙungiyarsu ta shiga sahun huɗun ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka, amma ko sau ɗaya ba su ɗaga kofin ba. A shekararta ta ƙarshe sun kai wasan ƙarshe, Jami'ar Clarkson ta lallasa su 3 da nema. Ta fita ba kofi, amma da ilimin da zai yi mata rana a inda ba ta zata ba.

Azurfa, sannan ƙofa ta rufe

A Fabrairun 2018 ta je Olamfik ɗinta na farko a PyeongChang ta Koriya ta Kudu. Wannan ce gasar hunturun da Najeriya ta fara halarta a tarihi, kuma mata huɗu ne suka wakilce mu: Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a tseren amalanken ƙanƙara, sai Simidele Adeagbo a na mutum ɗaya. A zagayen farko Kanada ta doke Amurka 2 da 1. Sarah ce ta jefa ɗaya. Ɗayan kuwa Meghan Agosta ce ta jefa, wadda 'yar sanda ce a birnin Vancouver, hutu ta ɗauka daga aiki ta zo wasan. Ku lura da wannan da kyau: tauraruwar duniya, amma abincinta a caji ofis yake. A wasan ƙarshe Amurka ta rama a bugun daga kai sai mai tsaron gida, Sarah ta koma gida da azurfa.

Da ta dawo sai ƙungiyar Toronto Furies ta ɗauke ta a gasar mata ta Kanada, CWHL. Gasar ta yi shekara goma ba ta biyan 'yan wasa ko sisi. Sai a 2017 ta fara ba da ɗan alawus, daga dalar Kanada 2,000 zuwa 10,000, na kaka ɗaya gaba ɗaya. Kada ku yi saurin juya shi zuwa naira ku ce ai da yawa. A Toronto na ƙasan bai wuce kuɗin hayar ɗaki na wata ɗaya ko biyu ba. 'Yan tawagar ƙasa irin su Sarah suna da ɗan tallafin gwamnati da na hukumar wasan, ga tallan kamfanoni ga mai sa'a. Sauran kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da na ofis, su yi aiki da rana, su yi atisaye da dare, su yi doguwar tafiya a ƙarshen mako, Litinin da safe su koma bakin aiki.

Wannan ɗin ma bai ɗore ba. A ranar 31 ga Maris, 2019 shugabannin gasar suka ba da sanarwar cewa babu kuɗin ci gaba, za a rufe ranar 1 ga Mayu. Sarah tana shekara 24, tana ganiyar ƙarfinta, kaka ɗaya kacal ta buga.

Mun ƙi wayon

Akwai wata gasar a Amurka a lokacin, NWHL, wadda take biyan albashi tun 2015, amma kaɗan ne, kuma ta taɓa zabge shi kusan rabi ana tsakiyar kaka. Abin da ya fi sauƙi shi ne kowa ta tsallaka can ta karɓi abin da ya samu. A maimakon haka, ranar 2 ga Mayu, 2019, 'yan wasa fiye da 200 suka fitar da sanarwa iri ɗaya a lokaci ɗaya cewa ba za su buga kowace gasa ba a Arewacin Amurka sai an samar da wadda za ta biya albashin kirki da inshorar lafiya. A ciki akwai 'yan Kanada da 'yan Amurka, mutanen da a fili ba sa ga-maciji da juna. Suka kafa ƙungiyarsu mai suna PWHPA, suka riƙa yawo gari-gari suna wasannin nuni don kada a manta da su.

Mu nan wannan ba baƙon abu ba ne. A Disambar 2016 Super Falcons sun doke Kamaru 1 da nema a Yawunde suka ɗauko kofin Afirka, amma da suka iso Abuja sai suka ƙi fita daga otal, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, saboda ba a biya su haƙƙinsu ba. Sai da aka kai ruwa rana kafin gwamnati ta saki kuɗin. Bambancin shi ne su Falcons bashin da ake bin hukuma suka nema, aka biya, aka watse, shi ya sa rigimar ta sake tashi a Faransa a 2019. Su Sarah kuwa tsarin gaba ɗaya suka ce sai an canza.

Abin ya ci shekara huɗu. A rayuwar 'yar wasa wannan ba ƙaramin lokaci ba ne, domin kaɗan ne ke wuce shekara 35 suna bugawa. Wasu sun gaji sun koma waccan gasar ta Amurka, wasu sun ajiye sanda sun kama aiki, kuma ni ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Mai haya a wuya ba ta jiran alƙawari. Annobar korona ta zo ta ƙara dagula lissafi, aka soke kofin duniya na 2020.

Yanzu mu dawo kan Darnell. A watan Agustan 2021 ya sa hannu a kwantiragin shekara takwas da ƙungiyar Edmonton Oilers a kan dala miliyan 74. A ƙarshen wannan watan dai Sarah ta ci kofin duniya da Kanada a Calgary, ba ta da kulob, balle albashin kulob. Kaka ɗaya, wasa ɗaya, shekarar haihuwa ɗaya. Gaskiya ne gasar maza ta haura shekara ɗari da kafuwa, kuma tana samun biliyoyin daloli daga talabijin da 'yan kallo, ba wanda ya ce a raba daidai. Abin da matan suka nema shi ne a ba su filin kirki da lokacin kirki da albashin da za su bar aikin rana, sannan a ga ko mutane za su zo kallo ko ba za su zo ba.

Maki 18 a Beijing

Saura 'yan watanni a tafi Olamfik na 2022 Sarah ta ji rauni a gwiwa, ta yi makonni ba ta wasa, har aka fara shakkar ko za ta je. Ta je. A wasa bakwai ta jefa biyar a raga, ta miƙa 13 da aka ci, jimilla maki 18. Kafin nan ba macen da ta taɓa tara haka a Olamfik ɗaya. Wadda ke riƙe da tarihin ita ce Hayley Wickenheiser da maki 17 tun 2006, wadda bayan ta yi ritaya ta koma aji ta zama likita.

Ku duba alƙaluman nan da kyau: 13 cikin 18 ba ita ta ci ba, wata ta bai wa ta ci. A filayen makarantunmu kowa so yake a ce shi ya jefa, mai ba da ƙwallo ba a ko ambatonsa in an koma aji. A wannan wasa kuwa ladarsu ɗaya a littafi.

A wasan ƙarshe, ranar 17 ga Fabrairu, ita ta buɗe raga, sannan ta miƙa wa kyaftin Marie-Philip Poulin ɗaya daga cikin biyun da ta ci. Kanada 3, Amurka 2. Bayan 'yan watanni kamfanin EA Sports ya sa hotonta a bangon wasan kwamfuta na NHL 23, mace ta farko da aka taɓa sawa. Tun kafin nan ma an yi 'yar tsanar Barbie da kamanninta. Suna ya samu, talla ta samu, amma in an tambaye ta wane kulob take bugawa, babu amsa.

Teburin ciniki

A nan karatun kasuwancin nan ya yi rana. Attajirin Amurka Mark Walter, mai ƙungiyar Los Angeles Dodgers, da tsohuwar gwanar tanis Billie Jean King suka yarda za su zuba kuɗi a kafa sabuwar gasa. 'Yan wasan suka ce sun ji, amma kafin a buga ko wasa ɗaya sai an rubuta yarjejeniya. Suka zaɓi mata biyar su zauna da lauyoyin masu kuɗi, Sarah na cikinsu. Watanni aka yi ana ja-in-ja kan abubuwan da ba sa fitowa a talabijin: wa zai biya asibiti in an karye, wane irin masauki za a sauka in an yi tafiya, me zai faru da kwantiragin wadda ta samu juna biyu.

A Yulin 2023 aka amince da yarjejeniyar shekara takwas. Mafi ƙarancin albashi dalar Amurka 35,000 a shekara, matsakaici 55,000, kuma kowace ƙungiya sai ta biya aƙalla mutum shida 80,000 ko fiye. Ga inshorar lafiya, ga tallafin haya na dala 1,500 a wata, ga hutun haihuwa. In an kwatanta da maza har yanzu tazarar tana nan, domin a kakar nan mafi ƙarancin albashi a NHL dala 775,000 ne, ya ninka na matan fiye da sau 20. Amma da wannan yarjejeniya mace za ta iya cewa wannan wasa shi ne aikinta, ta kuma nuna takarda.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Masu sabuwar gasar sun saye waccan ta Amurka suka rufe ta, kwantiragin 'yan wasanta duka ya tashi a banza a dare ɗaya. Sabuwar, wadda aka raɗa wa PWHL, ta fara da ƙungiyoyi shida, kowace da 'yan wasa 23, guraben ba su kai 140 ba. Mata da yawa da suka sha wahalar shekarun jira ba su samu shiga ba. Wasu suka shuka, wasu suka girba.

Mu leƙa Dandalin Murtala

Babu filin ƙanƙara a Kaduna, kuma da irin wutar da muke samu ba na jin za a yi shi nan kusa. Amma yayan wannan wasa, ƙwallon gora na kan ciyawa mai mutum 11 a kowane ɓangare, yana nan a Dandalin Murtala. Jihar nan tana da ƙungiyar mata mai suna Kada Queens da ta maza Kada Stars, kuma 'yan matan sun sha wakiltar Najeriya a gasar kulob-kulob ta Afirka. Ɗalibai nawa ne a cikinku suka taɓa zuwa kallonsu? Da yawa sun fi sanin wanda ke zaman benci a Arsenal.

Halin da yawancin 'yan wasanmu mata ke ciki ya fi kama da na Meghan 'yar sanda fiye da na Sarah ta yau. In ka cire ƙwallon ƙafa, wadda ta daɗe tana wasa a ƙasar nan galibi za ka tarar ma'aikatar wasanni ta jiha ce ta ɗauke ta, ko tana ƙungiyar 'yan sanda ko ta kwastam, albashin kaki ne ke riƙe da ita. Wannan ba abin kunya ba ne, hanya ce, amma ita ma da takardar sakandare ake shiga.

Don haka, ƙannena, in wani ya zo ya ce zai kai ki kulob a Legas ko ƙasar waje, ki yi masa irin tambayoyin da su Sarah suka yi wa attajirai. A rubuce yake? In na ji rauni wa zai biya? Karatuna fa? Ki kai takardar gida Baba da Mama su gani, ki kai wa malamin wasanni na makarantarku ya karanta. Wanda ya fara da neman kuɗin fasfo da na biza kafin ya nuna takardar gayyata, dillalin bogi ne, an sha yin kuka da irinsu. Iyaye kuma da ke ɗari-ɗari saboda sutura, yana da kyau su san cewa hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da rufe kai tun 2014, ta ƙwallon kwando tun 2017, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta.

Daƙiƙa 13

An buɗe PWHL ranar 1 ga Janairun 2024 a Toronto, ƙungiyar da Sarah ta sa wa hannu tun cikin mutum uku na farko. Ranar ba ta yi musu kyau ba, New York ta ci su 4 da nema a gida. Amma tambayar da aka shekara huɗu ana yi, ko mutane za su zo kallo, ta samu amsa. Ranar 20 ga Afrilu aka kai wasan Montreal da Toronto babban filin Bell Centre, mutum 21,105 suka cika shi, adadin da ba a taɓa gani ba a wasan mata na wannan fanni. Aka tashi 2 da 2, ɗaya daga cikin na Toronto Sarah ce ta ci. Aka shiga ƙarin lokaci, wanda duk ya fara ci ya yi nasara. Daƙiƙa 13 da farawa ta sake jefawa, filin da yawancinsa magoya bayan Montreal ne ya yi tsit. Ta gama kakar da maki 23 a wasa 24.

Sana'a kuma tana zuwa da nata hukuncin. A kaka ta biyu rauni ya hana ta wasanni da dama. A 2025 aka ƙara ƙungiyoyi biyu, Seattle da Vancouver, aka ce kowace tsohuwar ƙungiya ta fara zaɓar mutum uku da ba za a taɓa mata ba, sauran kuwa sababbin na iya ɗauka. Toronto ta miƙa sunaye uku, babu na Sarah. A watan Yuni, tana shekara 30, ta sa hannu da Vancouver, ta tattara kayanta daga lardin da aka haife ta zuwa gaɓar tekun yamma, tafiyar fiye da kilomita 3,000, a ƙarƙashin yarjejeniyar da ita kanta ta zauna aka rubuta.